Gwangwanin Yaya: Tsokaci a Kan Ajiya da Ɓoyo

Ranar da aka raba gadon Yayana a gidanmu na Limawa, a nan Minna, malamin da aka ɗauko domin rabon ya sa aka fito da duk abin da mamacin ya bari aka baje a tsakar gida. Akwai babur, da keken ɗinki biyu, da tufafi, da takardar wani ɗan fili a bayan Maitumbi. Aka yi wa kowane abu kuɗi, aka fitar da bashi, aka ba matarsa tumuninta, aka ba mahaifiyarmu sudusinta, abin da ya saura ya zama na 'ya'yansa uku. Ana shirin shafa fatiha sai aka ci karo da wani tsohon gwangwanin madara can a ƙasan adakarsa, an naɗe shi da tsumma. Malam ya buɗe ya leƙa, ya ɗan karkaɗa shi, ya mayar da murfin, ya ce wannan tarkace ne, ba ya shiga rabo. Da yake ni ne na fi kusa da shi a zaune, ni ya miƙa wa.

Ban buɗe shi ba sai bayan sadakar arba'in. A ciki na tarar da anini biyu da kwabo mai huji guda, irin waɗanda mahaifinmu ya bari tun kafin a sauya fam da sule zuwa naira a 1973, da 'yan kan sarki da aka ɓamɓaro daga ambulan, da kwalayen taba da aka ninke, sai kuma katuna wajen 40 a ɗaure da zare. Yawancinsu na cingam ne, masu hotunan 'yan wasan Indiya da 'yan kokawa da 'yan ƙwallo. Biyu daga ciki na gane su tun kafin in juya fuskarsu. Ɗaya na Rashidi Yekini ne, Yaya ya rubuta sunansa da biro a bayansa. Ɗayan kuwa na wani dogon mutum ne riƙe da ƙwallon kwando, wato Hakeem Olajuwon, haifaffen Legas, wanda ya ci kofin Amurka sau biyu a jere tare da ƙungiyar Houston Rockets a 1994 da 1995. Wani maƙwabcinmu da ya dawo daga karatu a Amurka ne ya ba Yaya shi, kuma na tuna har kuka na yi a kan a ba ni, aka hana ni.

Na kai gwangwanin ofis na ajiye a kan kantar littattafai. Wata rana wani ɗalibina ya zo karɓar gyaran kundinsa, ya tarar na baje katunan a kan tebur. Ya ɗauki na Olajuwon ya jujjuya, sa'an nan ya ce, "Malam, ka kuwa san irin waɗannan a Amurka miliyoyin daloli ake sayensu?" Na yi dariya. Ya zaro wayarsa ya nuna mini, dariyar ta tsaya.

Ga mai karatun da bai taɓa jin labarin ba, ga shi a taƙaice. Tun a ƙarshen ƙarni na 19 kamfanonin taba na Amurka suka riƙa cusa ɗan kati mai hoto a cikin kwalin sigari, domin ya tokare kwalin kada taba ta karye, kuma ya ja hankalin mai saye. Daga 1909 zuwa 1911 kamfanin American Tobacco ya buga jerin katunan 'yan wasan besbol, wato wasan nan nasu na dukan ƙwallo da kulki, kuma a cikinsu akwai na wani gwani mai suna Honus Wagner na ƙungiyar Pittsburgh Pirates. Wagner ya hana a ci gaba da buga nasa. Wasu sun ce ba ya son yara su sayi taba saboda hotonsa, wasu sun ce a kan kuɗi suka saɓa. Ko ma mene ne dalili, kaɗan ne suka fita kasuwa, kuma waɗanda aka san suna nan a yau ba su wuce 60 ko kusa da haka ba. A 2021 an sayar da guda a kan dala miliyan 6.6, a 2022 aka sayar da wani a kan miliyan 7.25. Daga baya katin ya bar kwalin taba ya koma ƙunshin cingam, ya zama abin yara. A 1952 kamfanin Topps ya buga na Mickey Mantle na ƙungiyar New York Yankees, a lokacin da ake sayar da ƙunshi guda, da cingam ɗinsa, a kan kwabo biyar na Amurka. A watan Agusta na 2022 aka yi gwanjon guda ɗaya daga cikinsu a kan dala miliyan 12.6, alhali mutumin da ya sayar da shi dala 50,000 ya saye shi a 1991. Haka abin yake a ƙwallon kwando, inda jerin da kamfanin Fleer ya buga a 1986 yake ɗauke da katin farko na Michael Jordan da na Olajuwon ɗinmu. Haka kuma yake a ƙwallon gora na kan ƙanƙara, inda katin Wayne Gretzky na 1979 ya kai dala miliyan 3.75 a 2021.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi: a daren nan ban yi barcin kirki ba. Na kwana ina juya dala zuwa naira. Na biya wa marayun kuɗin makaranta har jami'a, na gina filin Maitumbi, kuma, tunda gaskiya na ɗauko, na cire wa kaina ɗan abin wahala. Sai can wajen asuba wani tunani ya faɗo mini wanda ya fi lissafin nauyi. Idan har katin nan kuɗi ne, to ba nawa ba ne, dukiyar marayu ce, kuma rabon da aka yi bai cika ba. Idan kuwa ba kuɗi ba ne, to tarkace ne kamar yadda Malam ya faɗa, ina iya ba yaro ya yi wasa da shi ko in jefa a murhu. Ke nan nauyin da ke kaina a gaban Allah da gaban 'ya'yan ɗan'uwana ya rataya a kan abin da wasu baƙi a wata ƙasa mai nisa suka yarda su biya. Wannan ya dame ni, kuma shi ne dalilin wannan rubutu.

Tambayar farko da ta kamata a yi ita ce, daga ina wannan tsada ta fito? Takarda ce da tawada, ba a ci, ba a sha, ba a rufe katara da ita. Kyan hoto ma bai isa hujja ba, domin kowa na iya buga hoton Mantle wanda ya fi na 1952 kyau a kan 'yan kuɗi kaɗan. Bajintar ɗan wasan tana da nata rabon, amma akwai katunan shi wannan Mantle ɗin na wasu shekaru da ba su kama ƙafar wannan ba. Abin da ya rage shi ne ƙaranci, kuma ƙarancin yana da tarihi. Katin Mantle yana cikin kashi na ƙarshe na bugun 1952, wanda ya fito a makare bai sami kasuwa ba. Sy Berger, ma'aikacin Topps da ya tsara jerin, ya ba da labari da bakinsa cewa wajen 1960 ya loda akwatunan da suka yi kwantai a jirgin ruwa aka zubar da su a teku, don kawai a sami wuri a ɗakin ajiya. Waɗanda suka kai hannun yara kuwa, an yi wasa da su har sun yage. Sun maƙala su a ƙafar keke domin su riƙa ƙara kamar babur, sun yi musaya, sun yi caca, kuma da suka girma suka bar gida iyayensu mata suka share ragowar suka kai juji.

Ashe dai dala miliyan 12.6 ɗin nan kuɗin waɗanda suka salwanta ne. Kowane yaro da ya lanƙwasa nasa a aljihu, da kowace uwa da ta yi shara, sun ƙara wa mai ajiyar wani abu a kan dukiyarsa ba da saninsu ba. Hausawa na cewa faɗuwar wani tashin wani, amma galibi a kan tsautsayi ake faɗar haka, wanda mai tashin bai roƙa ba. A nan kuwa faɗuwar ita ce jarin. Mai irin wannan ajiya bai saci na kowa ba, kuma ba na tuhumarsa da haka. Sai dai ya ajiye zuciyarsa a wani wuri mai haɗari, inda duk labarin gobara ko ambaliya da ta cinye irin abin da yake da shi, albishir ne a gare shi ko ya so ko bai so ba. Manomi na murna idan damina ta yi kyau ga kowa. Shi kuwa wannan, ranar da aka tono wani tsohon akwati cike da irin katinsa, ranar ya yi asara, alhali ba a taɓa nasa ba.

Mu ma mun san wannan darasi tun muna yara, ba mu dai san sunansa ba. A ƙarshen shekarun 1980 da farkon 1990 mukan bi bakin tashar jirgin ƙasa da tashar mota da ƙofar silima muna tsintar kwalayen taba, mu ware su mu ninke, su zama kuɗinmu. Ba wanda ya kafa mana doka, amma kowa ya san kwali mai ruwan zinariya ya fi goma na taba mai araha, don ba kowa ke shan ta ba. Katin cingam kuwa a kan dakali ake cin sa: ka ajiye naka, abokinka ya ajiye nasa, a buga tafin hannu a gefe, wanda ya kifar ya kwashe. Malaminmu na makarantar allo ya sha zane mu a kan wannan, yana cewa caca ce, kuma yanzu da na girma ban ga inda ya yi kuskure ba. Bambancinmu da masu gwanjon Amurka shi ne, tamu dukiyar tana ƙarewa a hannu. Kati yakan yi wata uku yana yawo daga aljihu zuwa aljihu har fuskar mai hoton ta goge, sa'an nan a yar.

Wannan ya kawo mu ga abu na biyu, wanda ya fi ba ni mamaki. Ƙaranci kaɗai bai isa ba, sai an haɗa da cewa hannu bai taɓa katin ba. Tun daga 1991 aka sami kamfanoni irin su PSA waɗanda sana'arsu ke nan: a aika musu kati, su duba kusurwoyinsa huɗu da gefensa da fuskarsa da gilashin ƙara girma, su ba shi maki daga 1 zuwa 10, sa'an nan su rufe shi ruf a cikin wata roba mai tauri wadda ba a buɗewa sai an fasa. Tsakanin maki 8 da maki 10 ana iya samun ratar da ta fi kuɗin gida. To mai karatu ya dubi wannan al'amari da kyau. An yi katin ne domin yaro ya riƙe, amma darajarsa a yau tana ga cewa ba yaron da ya taɓa riƙe shi. Wanda ya biya miliyoyin shi ma ba zai taɓa shi ba, domin yatsansa na iya rage masa maki. Sau da yawa ma ba ya kwana da shi a gida, yana can a ɗakin ajiya mai ƙofar ƙarfe, shi kuma yana riƙe da takardar shaida. Mutum ya sayi abu, ba ya taɓawa, ba ya gani, yana biyan kuɗin tsaro da na inshora, yana jiran ranar da zai miƙa wa wani wanda shi ma haka zai yi. A Hausa wanda ke wannan aiki maigadi muke ce masa, sai dai shi maigadi ana biyansa a ƙarshen wata.

Kuma inda duk aka ce rashin taɓawa shi ne kuɗi, za a sami mai taɓawa a ɓoye. Katin farko da PSA ya tantance na Wagner ne, wanda shi Gretzky ɗin da wani abokinsa Bruce McNall suka saya a 1991 a kan dala 451,000. Aka ba shi maki 8, ya yi ta sauya hannu har ya kai dala miliyan 2.8 a 2007. A 2013 wani babban dillali mai suna Bill Mastro ya amsa a gaban kotu cewa tun da farko shi ya datse gefen katin domin ya yi kama da sabo. Wato an yanke wani ɓangare na jikin abin domin a ce ba abin da ya taɓa samunsa. Na daɗe ina juya wannan labari, domin ya wuce batun kati. Duk al'ummar da ta ɗora daraja a kan kamannin tsarki fiye da tarihin abu na gaskiya, ta buɗe wa masu almakashi kasuwa, ko a kati, ko a takardar shaidar karatu, ko a tarihin zuri'a da ake gyarawa idan an zo neman aure ko sarauta.

Zuwa nan mai karatu zai zaci na yanke hukunci cewa yaron da ya cinye katinsa da wasa shi ne mai gaskiya, mai ajiya kuwa marowaci ne. Da na so haka, domin ya fi sauƙi, kuma ya fi daɗin faɗa a aji. Amma sana'ata ba za ta bar ni ba. Ni malamin adabi ne, kuma rabin wahalar da na sha a digirina na uku ta rashin ajiya ce. Na yi yawo garuruwa ina neman ƙananan littattafan soyayya da aka buga a Kano a ƙarshen shekarun 1980, waɗanda a lokacinsu suna ko'ina, har haya ake ba da su, amma da yawa na nema na rasa, wasu ma marubutansu ba su da kwafe. An karanta su har sun yage, an ƙunsa ƙosai da ragowar. Haka kaset-kaset na mawaƙan ƙauye da ba su taɓa shiga gidan rediyo ba. Haka tsofaffin fitowar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a Zariya a 1939, ba don wasu sun ɗaure su sun adana ba da sai dai mu ji labari. Wanda ya je Zungeru, nan kusa da mu, ya ga abin da ya saura na hedikwatar da Lugga ya zauna daga 1902, ya san yadda muke yi da abin da ya wuce. Da tsohuwar zuma ake magani, amma sai an sami wanda ya haƙura bai lashe ta tana sabuwa ba. Da kowa ya yi irin tamu ta kan dakali, da ba a san yadda katin 1909 yake ba.

Saboda haka maganar ba ta tsakanin mai amfani da mai ajiya ba ce kawai. A cikin masu ajiyar ma akwai iri biyu, kuma tarihin katin ya ba mu misalin na biyun. Jefferson Burdick ma'aikacin wata masana'anta ne a garin Syracuse, ba mai kuɗi ba, kuma ciwon gaɓoɓi ya addabe shi yawancin rayuwarsa. Shi ya fara bin waɗannan katuna ɗaya bayan ɗaya yana rarraba su gida-gida yana ba su lamba, har ma lambar T206 da ake kiran jerin Wagner da ita a yau, shi ya raɗa ta. Ya tara abubuwa wajen 300,000. A 1947 ya yi tayin ba da su kyauta ga gidan tarihi na Metropolitan da ke New York, aka ce to sai ya tsara su da kansa. Ya shafe shekarun da suka rage masa yana liƙa su a cikin manyan littattafai da yatsun da suka riga suka ƙage, ya gama a farkon 1963, ya rasu bayan 'yan makonni. Abin lura shi ne liƙa su ya yi, da gam. A ma'aunin masu ba da maki, ya lalata su. A nasa ma'aunin kuwa ya sa su inda ba za su ɓace ba, kuma inda wanda ya zo bayansa zai iya buɗawa ya duba. Shi da mai robar nan duka sun hana yara wasa da katin, amma ɗaya yana addu'ar a sami ƙarin irinsa domin jerin ya cika, ɗayan yana addu'ar kada a samu.

Ba sai mun je New York ba ma. Duk wanda ya tashi a gidan Bahaushe ya san jere. Kakanninmu mata sun jera ƙorai, iyayenmu suka jera tasoshi, irin na tagulla da maƙeran Bida suka shahara da su, daga baya aka koma kwalla da samira, aka zo tangaran. Mahaifiyarmu tana da kwallaye da suka kai rufin ɗaki, waɗanda ban taɓa ganin an zuba tuwo a cikinsu ba. Duk sallah takan sauke su ta wanke ta goge ta mayar. Baƙon da bai san mu ba zai ce wannan ai shi ne katin cikin roba, abu ne da aka yi domin amfani aka hana shi amfani. Amma jeren yana fili, duk macen da ta shigo barka ko gaisuwa tana gani. Da aka kwantar da mahaifinmu a asibiti, saiti biyu ta sauke aka kai kasuwa. Da aka tashi aurar da ƙanwarmu, rabin abin da ya saura ya bi ta ɗakinta. Kuma ban taɓa jin ta yi fatan kwallar maƙwabciyarta ta fashe ba, iyaka dai ta yi fatan tata ta fi yawa, wanda wannan kishi ne na 'yan'adam da ba ya cutar da kowa. Jere ajiya ce da take da ƙofar fita.

Malaman fiƙihun da muka karanta a zaure sun riga mu lura da cewa abu guda yana iya zama abu biyu gwargwadon niyyar mai riƙe da shi. A mazhabar Malikiyya, kayan da mutum ya mallaka domin amfanin kansa ba a fitar musu da zakka, amma irin waɗannan kayan dai idan da niyyar ciniki ya saye su, hukuncinsu ya sauya. A cikin 'yan kasuwar ma sun bambanta mai juya kaya kullum da wanda ke ajiyewa yana jiran tsada. Ban kawo wannan domin in ba da fatawa ba, ba fagena ba ne. Na kawo shi ne domin ya nuna cewa tambayar da na kwana da ita, wato ko katin Yaya dukiya ne ko tarkace, ba a jikin katin amsarta take ba. Yaya bai ajiye shi domin ya yi tsada ba. Mutumin da ke ɗinki daga safe zuwa dare bai san akwai wani gwanjo a Amurka ba. Ya ajiye shi ne saboda daren 21 ga Yuni 1994, lokacin da muka cika ɗakin wani maƙwabci mai talabijin da tsakar dare, Nijeriya ta ci Bulgeriya 3 da nema, Yekini ya jefa ƙwallon farko da ƙasar nan ta taɓa ci a gasar cin kofin duniya, ya shige cikin raga ya riƙe ta yana ihu, Yaya kuma ya ɗaga ni sama har kaina ya bugi fanka. Yekini ya rasu a Ibadan a 2012. Maƙwabcin ya rasu, Yaya ya rasu. Ilmin rabon gado yana da kaso ga mata da uwa da 'ya'ya a cikin duk abin da za a iya yi wa kuɗi, amma irin wannan ba shi da babi, kuma Malam bai yi kuskure ba da ya ce ba ya shiga rabo. Ni ne dai na ga ashe abin da ya fi kowanne kama da Yaya a cikin kayan nan, shi ne wanda ba wanda ya gada.

Bayan kwana biyu ɗalibin nawa ya dawo da sakamakon bincikensa, yana sunkuyar da kai kamar shi ya yi laifin. Katin Olajuwon na farkon shekarun 1990 ne, ba na 1986 ba. A wannan zamani labarin tsadar tsofaffin katuna ya riga ya bazu a Amurka, kowa ya shiga saye yana ajiyewa ba ya buɗewa, kamfanoni kuma suka yi ta bugawa ba ƙaƙƙautawa. Da yake ba wanda ya yi wasa da nasa, ba wanda ya yar, sai suka yi yawa har suka rasa mai saye. Ko sabo ne fil bai kai kuɗin aika shi ta gidan waya ba, balle namu da ya sha aljihu. Na Yekini kuwa, rubutun biron da ke bayansa kaɗai ya isa ya kashe shi a idon masu maki. Na ji daɗi, na kuma ji haushi, kuma har yau ban iya tantance wanne ya fi yawa ba.

Da hutu ya zo na kira babban ɗan Yaya, yaro ɗan shekara 11, na juye masa gwangwanin a kan tabarma. Bai san Yekini ba, bai san 'yan Indiyan ba, aninin ma ya zaci wani abin keke ne. Na ba shi labarin daren nan na 1994, ya saurara da ladabi irin na yaron da ke jiran babba ya gama. Sai da na nuna masa yadda ake buga tafi a gefen kati ya kife, sa'an nan idonsa ya kawo haske. Na ce ya kwashe duka, nasa ne, ya yi abin da ya ga dama. Amma da ya kai hannu kan na Yekini sai na riga shi. Na sa shi a ambulan, na rubuta sunan yaron a kai, na soke a cikin wani ƙamus.

Ya ce, "Baffa, wannan fa?"

Na ce, "Sai ka girma."

Ya ɗan yi shiru, ya ce, "In na girma me zan yi da shi?"

Ban ba shi amsa ba, ya gaji da jira ya tattara sauran ya fita. Da la'asar ina zaune a zaure na ji wata ƙara tana tahowa daga bakin layi, kamar ta ƙaramin babur. Ya wuce ni a guje a kan keken ƙaninsa, ya maƙala Olajuwon a ƙafar baya, yara uku suna bin sa.